Gwajin itatuwan magani a kan ciwon daji: tambayoyi da amsoshi

Da wuya mako ya wuce ba wani saƙo ya zagayo a WhatsApp cewa masana sun gano ganye kaza yana kashe ƙwayoyin ciwon daji ba. Wani lokaci har da hoton takardar bincike daga jami'a. Wanda yake da majinyaci a gida, kuɗin asibiti ya riga ya durƙusar da shi, in ya ga irin wannan saƙo dole gabansa ya faɗi don murna. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai da 'yan uwan marasa lafiya da masu maganin gargajiya suka fi yi game da wannan gwaji, da abin da sakamakonsa yake nufi.

Da gaske ne akwai magungunan daji na asibiti da aka samo daga tsirrai?

Ƙwarai kuwa, ba ɗaya ba biyu ba. Akwai wata fulawa da ake shukawa a ƙofar gidaje da ma'aikatu don ado, mai fure fari ko ruwan hoda, asalinta daga tsibirin Madagaska, masana na kiranta Catharanthus roseus. A Jamaika mutane kan dafa ganyenta su sha don ciwon suga. A shekarun 1950 ganyen ya kai hannun Robert Noble da Charles Beer a wata jami'a da ke Kanada. Suka yi wa ɓeraye allurar ruwansa. Suga bai sauka ba, amma fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen suka zube. Sai tunaninsu ya koma kan dajin jini, ciwon da fararen ƙwayoyin jini ke hayayyafa ba ji ba gani. Daga nan aka fitar da binbilastin a 1958, sannan binkiristin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963. A yau binkiristin na cikin haɗin magungunan da ya sa kusan yara tara cikin goma masu dajin jinin da ya fi kama yara suke rayuwa a ƙasashe masu hali. Da shi kuma ake yi wa yaranmu maganin dajin nan mai kumbura muƙamuƙi, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

Taxol, wanda mata da yawa masu dajin mama suka sani a ɗakin ƙarin ruwa, daga ɓawon wani itace ne na dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, Taxus brevifolia. An sassaƙo ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayar daji rabuwa a 1979, sai a ƙarshen 1992 aka amince a ba marasa lafiya. Shekara talatin ke nan daga daji zuwa gadon asibiti. Irinotekan da tofotekan sun samo asali daga wani itacen ƙasar Sin, etofosayid kuma daga saiwar wani tsiro na Arewacin Amurka.

To in haka ne, me zai hana a sha ganyen kai tsaye?

Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganyen fulawar nan kafin a sami giram ɗaya na maganin. Abin da ke cikin tukunyar dafuwa bai kai ya taɓa ciwon ba, ga kuma wasu sinadarai da dama da suka biyo shi waɗanda ba a bukata. Ban da haka, binkiristin ta jijiya ake bayar da shi, da awo daidai da girman jikin mara lafiya, don hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata. 'Yan uwan itacen Taxol kuwa ganyensu guba ne mai tsayar da zuciya, yana kashe dawaki da shanu. Gano abin da ke aiki, da raba shi da abin da ke cutarwa, da sanin awon da jiki zai ɗauka, shi ne dukan dalilin wannan gwaji.

Ta ina ake fara aikin?

Daga bakin masu magani. Mai bincike nagari yakan zauna da masu maganin gargajiya da 'yan mai ganye da tsofaffin ungozomomi, ya ji wane itace suke bayarwa, wane sashe nasa, saiwa ce ko sassaƙe ko ganye, kuma yaya ake haɗa shi. Sannan ya je daji ya ɗebo da kansa, da fure da 'ya'ya in akwai, ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, masanin tsirrai ya tabbatar da sunan itacen, a ba samfurin lamba a ajiye. Wannan mataki ba na ado ba ne. Suna ɗaya na Hausa kan hau itatuwa biyu ko uku, itace ɗaya kuma ya amsa suna daban a Katsina da Sakkwato da Damagaram. Hano da ararraɓi, alal misali, abu ɗaya ne. Garin da aka saya a ƙullin leda a kasuwa babu mai iya rantsewa a kan abin da ke cikinsa.

Bayan nan sai a shanya a inuwa, don rana na lalata wasu sinadaran, a daka a turmi ko a niƙa, a auna, a jiƙa a cikin ruwan narkarwa kamar kwana uku ana girgizawa. A tace, a busar da ruwan a na'ura ba tare da zafi mai yawa ba. Abin da ya rage a gindin kwalba, mai danƙo kamar ƙaro, shi ne ɗanyen jiƙo, kuma shi ake gwadawa.

Me ya sa ba a jiƙawa da ruwa kawai, yadda ake yi a gida?

Kowane ruwa da abin da yake iya jawowa. Hekzen na jawo mai da kakin ganye, etil asitet na jawo na tsaka-tsaki, metanol da etanol na kwaso abubuwa da yawa, ruwa kuma na ɗauko su suga da tanin. Shi ya sa akan bi da jiƙo ɗaya ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, a raba shi kashi-kashi, a ga a wane kaso ƙarfin yake. Zafi ma yana da tasiri. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015, ta daɗe tana samun sakamako mai rauni daga tsiron da ya ba duniya maganin zazzaɓin cizon sauro na atimisinin, har sai da ta lura cewa tsoffin likitocin ƙasarta jiƙa shi suke yi su matse ba tare da tafasawa ba. Da ta koma tatsa da ƙaramin zafi, sai maganin ya fito.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan: in takarda ta ce jiƙon metanol na sabara ya yi kaza, ba ta yi magana a kan sabarar da aka dafa a tukunya ba.

Takardu da yawa na cewa an gano alkaloyid, filabonoyid, tanin da safonin a itace. Me wannan ke nufi?

Waɗannan sunayen dangogin sinadarai ne, kowane dangi da dubban 'ya'ya. Gwajin farko na launi ne kawai. A ɗiga ruwan Dragendorff a jiƙo, in wani gari ruwan lemo ya kwanta, a ce akwai alkaloyid. A ɗiga ferik kuloraid, in ya koma baƙi-baƙi ko kore mai duhu, akwai tanin. A girgiza da ruwa, in kumfa ta tashi ta ƙi kwanciya, akwai safonin, irin abin da ya sa sassaƙen aduwa ke kumfa a wanki. Gwajin Shinoda na filabonoyid yakan ba da ja.

Gaskiyar magana, wannan sakamako bai cika faɗa mana komai game da daji ba. Kusan duk ganyen da ka tsinko a bakin hanya zai nuna uku ko huɗu daga cikinsu. Binkiristin alkaloyid ne, haka kuma kafin da ke cikin goro, haka nikotin na taba. Jin cewa itace na da alkaloyid daidai yake da jin cewa a Kano akwai mai suna Musa. Abin takaici, sau da yawa a nan aikin ke tsayawa saboda rashin kuɗi da kayan aiki, sai a rufe da cewa sakamakon ya tabbatar da amfanin itacen a gargajiyance. Bai tabbatar ba. Ya dai nuna inda za a sa ƙafa ta gaba.

Na ga jerin sinadarai talatin da na'urar GC-MS ta fitar. Wannan fa bai isa hujja ba?

Na'urar tana raba abubuwan da ke iya zama tururi, ta farfasa kowanne, sannan kwamfuta ta kwatanta ɓaraguzan da waɗanda ke rumbunta ta kawo sunan da ya fi kama. Kama ce, ba shaida ba. Manyan sinadarai irin su Taxol ba sa ma bi ta cikinta. Sau tari kuma jerin kan ƙunshi sinadaran roba da suka narke daga jarka ko murfin kwalba, a rubuta su a matsayin na itace. Tabbatar da sinadari sai an ware shi tsantsarsa ta bututun tacewa, a bi shi da na'urar NMR a karanta siffarsa.

Ko ƙwararru ma suna tuntuɓe a nan. A 2013 wasu masana daga Faransa da Kamaru suka ba da rahoton cewa sun sami tiramol a saiwar tafashiya, labarin ya zagaya duniya cewa itacen Afirka na haɗa wannan magani da kansa. Shekara ɗaya bayan nan wata tawaga daga Dortmund ta Jamus ta sake ɗebo samfura. Suka tarar da tiramol a saiwoyin arewa mai nisa ta Kamaru kawai, inda manoma ke ba shanun huɗa ƙwayar don su jure aiki, fitsarinsu da kashinsu na shiga ƙasa. Saiwoyin kudu ba su da shi.

Yaya ake gwada jiƙo a kan ƙwayoyin daji?

Akwai ƙwayoyin daji na ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji shekara da shekaru. Mafi tsufa su ne HeLa, waɗanda aka ɗauka daga bakin mahaifar Henrietta Lacks a Baltimore a 1951 ba tare da saninta ba, abin da har yau ake ambata in ana maganar haƙƙin mara lafiya. MCF-7 na dajin mama ne, HepG2 na hanta, A549 na huhu, PC-3 na furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ana zuba su a faranti mai ƙananan ramuka 96, a cikin ruwan abinci, a ajiye a zafin jikin mutum, digiri 37. A ɗiga jiƙon a ramukan da ƙarfi daban-daban, a bar wasu ba komai, a sa sanannen maganin daji a wasu don kwatance. Bayan kwana biyu ko uku sai a zuba wani rini ruwan ɗorawa da ake kira MTT, hanyar da Tim Mosmann ya fito da ita a 1983. Ƙwaya mai rai tana mayar da shi shunayya, matacciya ba ta iyawa. Na'ura ta auna duhun launin.

Daga nan ake fitar da lambar da ake kira IC50, wato ƙarfin jiƙon da ya rage ƙwayoyin da rabi. Ƙanƙantar lambar ita ce ƙarfin jiƙon. Ma'aunin da aka saba bi, wanda ya samo asali daga Cibiyar Binciken Daji ta Amurka, shi ne ɗanyen jiƙo ya yi aiki a ƙasa da maikirogiram 20 zuwa 30 a kowace mililita kafin a ce ya cancanci a bi sawunsa. Maikirogiram 20 a mililita kamar giram 20 ne a tankin ruwa mai lita 1,000. Wanda sai a 1,000 ya yi aiki kuwa, kilo guda ke nan a wannan tanki, kuma babu jinin mutumin da zai taɓa ɗaukar haka.

Gwajin 'ya'yan jatan lande fa?

Shi ne mafi araha, don haka ya yawaita a jami'o'inmu. A ƙyanƙyashe ƙwan Artemia a ruwan gishiri, a sa goma-goma a kwalabe da jiƙon, a ƙirga matattu bayan awa 24. Yana nuna ko jiƙon na da dafi. Jatan lande ba shi da ciwon daji, saboda haka ba a kiran sakamakonsa maganin daji.

In jiƙo ya kashe ƙwayoyin daji a faranti, ai ya zama magani ke nan?

A nan ne yawancin saƙonnin WhatsApp ke ɓata hanya, don haka bari mu tsaya a kai.

Kashe ƙwaya a faranti abu ne mai sauƙi. Ruwan kanwa mai kauri zai kashe ta, sabulu zai kashe ta, gishiri in ya yi yawa zai kashe ta. Ƙwayar tana kwance ne tsirara, ba fata, ba hanta, ba ƙoda. Tambayar farko ita ce: ya bar lafiyayyun ƙwayoyi? Shi ya sa ake gwada jiƙon a kan ƙwayoyin da ba na daji ba, a raba lambobin biyu. In ƙarfin da ke kashe na daji shi ne dai ke kashe lafiyayyu, guba aka samu. Tumfafiya misali ce mai kyau. Sinadaran da ke cikin nononta suna kashe ƙwayoyin dajin ɗan Adam a faranti da ɗan mitsitsin awo, amma dangin dafin ƙwanƙwani ne da maharba ke shafa wa kibiya, kuma zuciya suke tsayarwa.

Sai kuma masu ruɗar gwaji. Duk wanda ya taɓa shiga majema ya san aikin bagaruwa: tanin da ke cikinta yana kama naman fata ya ƙanƙame shi. Haka yake kama duk wani furotin da ya tarar a faranti, sai a ga kamar ya yi wa daji wani abu na musamman. Wasu jiƙunan kuma da kansu suke juya launin MTT ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin, wasu launinsu ne ke rikita na'urar.

Na uku, hanyar da ke tsakanin baki da ƙari doguwa ce. Abin da aka sha sai ya tsallake ruwan ciki, hanji ya tsotse shi, ya wuce hanta wadda aikinta ke nan farfasa baƙin sinadarai, ya zauna a jini ya daɗe, ya kai cikin ƙarin da ƙarfinsa. Sinadarin kurkum ya yi abin mamaki a dubban gwaje-gwajen faranti, amma in mutum ya sha, ɗan kaɗan ne ke kaiwa jini, shi ma nan da nan hanta ta sauya shi.

Ba ina rage darajar gwajin faranti ba ne. Da shi aka tsinto Taxol. Matankaɗi ne: yana rage tarin, ya bar abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi da lokaci.

An ce zogale da zoɓo suna da antioksidan sosai. Wannan ba rigakafin daji ba ne?

Antioksidan sinadarai ne da ke tare wasu abubuwa masu lalata ƙwayoyin jiki. Gwajinsu na sauya launi ne a kwalba, daga shunayya zuwa ruwan ɗorawa, ba ƙwayar daji ko ɗaya a wurin. Cin ganye da 'ya'yan itace yana da kyau ga jiki, a ci zogale a ƙoshi. Amma da aka ba maza masu shan taba kimanin 29,000 a Finland ƙwayoyin ƙarin lafiya, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta-karotin, wanda shi ma antioksidan ne, sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Bayan faranti sai me?

Sai a ci gaba da rarraba jiƙon, ana gwada kowane kaso, har a kai ga sinadari ɗaya tilo. Sai dabbobi: a fara da auna dafi, a duba hanta da ƙoda da jini, sannan a dasa wa ɓeraye ƙari a ga ko zai ragu. In ya tsallake, sai mutane, da izinin kwamitin ɗa'a da yardar kowane mara lafiya. Matakin farko na mutane ƙalilan ne don sanin awon da jiki ke jurewa, na biyu don ganin ko ƙarin na amsawa, na uku na ɗaruruwa ko dubbai, ana kwatanta sabon da maganin da ake da shi.

Mafi yawa a hanya suke faɗuwa. Tsakanin 1960 da 1982 cibiyar nan ta Amurka ta gwada jiƙo kimanin 114,000 daga tsirrai, magungunan da suka fito daga ciki ba su cika yatsun hannu ba. Wani kuma yakan faɗi ya sake tashi. A 1972 Morris Kupchan ya fitar da maitansin daga wani itacen Habasha. Ya yi ƙarfi ƙwarai a faranti, amma a jikin mutane illarsa ta rinjayi amfaninsa, aka ajiye shi. Sai da aka koyi ɗaure danginsa a jikin wani furotin da ke kai shi kai tsaye ga ƙwayar daji, sannan a 2013 ya zama maganin wani nau'in dajin mama.

Itatuwanmu fa? Akwai wanda aka tabbatar?

An gwada da yawa a faranti, wasu har a ɓeraye: sabara, hano, marke, maɗaci, sanya, shuwaka, gwandar daji, kauci, tsada, darbejiya. Wasu sun ba da lambobi masu jan hankali, kuma sun cancanci a bi su da gaske. Geza da taramniya 'yan uwan itacen Afirka ta Kudu ne da aka fitar da kwambiretastatin daga cikinsa, sinadarin da ya kai har gwajin mutane. Habbatus sauda, wadda darajarta a wurin Musulmi ba ta bukatar bayani, an yi wa sinadarinta timokwinon gwaje-gwaje masu yawa a faranti da dabbobi. Sai dai a cikin duk waɗannan babu wanda ya tsallake babban gwajin mutane a matsayin maganin daji. Duk wanda ya ce maka ya tsallake, ka tambaye shi a ina, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta.

Amma a unguwarmu akwai wadda mai magani ya warkar da ita daga daji, kowa ya gani.

Ba za a ƙaryata abin da ido ya gani ba, ta warke, alhamdu lillahi. Abin tambaya shi ne daga me ta warke. A bakin Bahaushe kalmar daji tana da faɗi: gyambon da ya ƙi warkewa, kumburin mama bayan haihuwa, maruru mai zurfi, kaluluwar tarin fuka, duk akan ce daji. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a maman 'yan mata ma ba sankara ba ne. Abin da likita ke kira sankara ba a tabbatar da shi sai an yanki ɗan nama an duba a madubin likita. Wasu kuma an riga an yi musu tiyata ko sun sha wani ɓangare na maganin asibiti kafin su koma gida, sai yabon ya tafi ga abin da aka sha a ƙarshe. Waɗanda suka sha irin wannan jiƙo suka rasu kuwa, ba a kawo su a labari.

Ai ganye ne, ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba.

Yana cutarwa. A farkon shekarun 1990 mata fiye da ɗari a Beljiyam suka sami lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia, daga baya da yawansu suka kamu da dajin hanyar fitsari. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu daga wannan dangi yake. Sinadarin ƙwallon afirikot da aka yi ta tallatawa da sunan bitamin B17, an gwada shi a kan marasa lafiya 178 a Amurka, rahoton 1982 ya nuna bai warkar ba, bai tsawaita rai ba, wasu kuma sun nuna alamun gubar sayanayid. Ganyen sawasof, ɗan uwan gwandar daji da ake ta yayatawa yanzu, yana ɗauke da sinadarin da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma an danganta yawan shansa da wani ciwon karkarwa a tsibirin Guadeloupe. Sassaƙen da ya yi funfuna a ajiya kuma na iya ɗaukar afulatoksin, wanda shi kansa yana jawo dajin hanta, balle ga mai ciwon hanta nau'in B.

Babbar illar dai ita ce lokacin da ake ɓatawa. Wani nazari daga Jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya bi masu dajin da bai bazu ba, waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai suka bar na asibiti. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a dajin mama kuwa fiye da sau biyar. A Najeriya, ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sabbin kamu kusan 128,000 da mace-mace kusan 80,000 a shekara, kuma duk likitan da ke wannan fanni zai gaya maka yawanci sai ciwo ya ci jiki ake zuwa.

Mahaifiyata tana karɓar maganin asibiti. Za ta iya haɗawa da na gargajiya?

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Abu ɗaya nake roƙonki: duk abin da take sha, ki ɗauke shi a hannu ki nuna wa likitanta ko mai haɗa magani, kada kunya ko tsoron faɗa ya hana. Hanta ɗaya ce ke sarrafa duka biyun. A wani gwaji a Holan a 2002, wani ganyen Turai da ake sha don damuwa ya rage ƙarfin irinotekan a jinin marasa lafiya da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wasu ganyen kuma akasin haka suke yi, su sa maganin ya taru ya zama guba, ko su tsinka jini gab da tiyata. Miyar zogale da kuka da sauran abincin gida ba su ne abin tsoro ba. Jiƙo mai kauri da kwalaben da ba a san haɗinsu ba, su ne.

Kwalbar tana da lambar NAFDAC. Wannan ba shaida ba ce?

Ki duba ƙarshen lambar. In akwai harafin L, hukumar ta sa maganin a jeri ne bayan ta duba cewa ba shi da dafi a fili, na tsawon shekara biyu. Ba ta ce yana warkarwa ba, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Cikakkiyar rajista sai da gwajin mutane.

Ni mai maganin gargajiya ne, na gaji wani haɗi daga mahaifina. Ina zan kai a gwada, kuma yaya ba za a sace mini ba?

Malam, tsoronka yana da tushe, an sha kwashe ilimin mutane ba ko na gode. Akwai Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, a Idu da ke Abuja, akwai hukumar bunƙasa magungunan gargajiya a Legas, ga kuma tsangayoyin haɗa magunguna na jami'o'i. Kafin ka bayyana sirrin haɗin, a rubuta yarjejeniya da shaidu, wadda ta faɗi sunanka da rabonka in abin ya zama na sayarwa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan haka ta ginu, cewa masu ilimin gado suna da haƙƙi a ribarsa. An taɓa yi kuma a ƙasar nan: Niprisan, maganin sikila da NIPRD ta fitar a shekarun 1990 ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, haɗin wani mai maganin gargajiya ne daga kudu maso yamma, da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, kuma an yi yarjejeniya da shi kafin a kai ga gwajin mutane.

Abin da zai fi taimaka maka shi ne rubutu. Wa ka ba, yaushe, me asibiti ya ce yana damunsa, me ya faru bayan wata shida, har da waɗanda ba su tashi ba. Wanda kuma ka ga ƙullutu a mamanta, ko jini na zuba bayan ta daina al'ada, ka tura ta a duba tun da wuri.

Ni ɗalibi ne, a kan wannan zan yi aikin kammala karatu. Me zan kiyaye?

Ka sami lambar samfurinka daga ma'ajiyar tsirrai kafin ka daka komai, ka rubuta wuri da wata da sashen itacen, don sabarar damina da ta rani ba lallai su ba da abu ɗaya ba. Ka yi amfani da kwalaben gilashi. Ka haɗa da jiƙon ruwa irin na masu magani a gefen na metanol. A faranti, ka bar ramukan da ke da jiƙo ba ƙwaya don ka kama ruɗin launi, ka sa ruwan narkarwa shi kaɗai a wasu, ka sa sanannen magani irin su dokzorubisin a wasu, ka gwada lafiyayyun ƙwayoyi, ka maimaita aƙalla sau uku a ranaku daban. In jatan lande kawai kuɗinka ya kai, ka rubuta cewa dafi ka auna. In jiƙon bai yi komai ba, ka rubuta haka da lambobinsa, wani zai huta da maimaita wahalar. Ragowar jiƙon kuma ka zuba shi a kwalba mai duhu, ka manna suna da kwanan wata da lambar samfur, ka sa a firji, don wanda zai ɗora daga inda ka tsaya ya sami abin kwatantawa.